Kawu da Ɗakin Tiyatar da Ya Hana a Buɗe

Kawu ya koma ga Wanda ya yi shi ranar wata Talata, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Jalingo ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Da azahar aka yi masa salla, kafin la'asar an kafa rumfa a ƙofar gidansa da ke unguwar Turaki, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba na haya. Ni aka zaunar kusa da liman. Allah bai ba Kawu ɗa namiji ba, 'ya'yansa duk mata ne, ni kuwa ɗan ƙanwarsa ne da ya ɗauko daga garin Mutum Biyu tun ban iya ɗaure mazagin wando ba, ya riƙe ni, ya sa ni makaranta, har na zama malamin da nake yanzu. Don haka hannuna aka yi ta kamawa ana tambayata ya haƙuri, ina cewa da godiya, alhali ban san abin da bakina ke faɗa ba. Idona na kan bakin layi. Mahaifiyata nake jira, wadda muke kira Dada. Ita da Kawu ciki ɗaya suka fito, ita ce autarsu, kuma ta yi shekaru ba ta ce masa ko sannu ba. Ba abin da nake so a duniya ranar nan kamar in ji ta ce ta yafe masa.

Ba ta zo ranar ba. Waɗanda suka zo dai kowa ya zo da abin faɗarsa.

Tsofaffin abokan aikinsa ne suka fara cika rumfar, 'yan fansho, kowa da hular da ta sha wanki. A cikinsu akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Mumuye da suka yi shekaru tebur kusa da tebur a ofis. Ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, hawaye na bin kuncinsa, ya ce, "Oga ya tafi ya bar mu. Wannan mutum, kai nashi ya cika ƙarfi, amma ciki nashi fari ne. Ni da shi za mu yi faɗa da safe, da yamma shi ne zai kai abinci wa matana a asibiti." Wani tsohon Bafulatani da ke kawo wa gidan nono tun ina ƙarami ya ce mini "Sey munyal," wato sai haƙuri, ya nemi gefen tabarma ya zauna har aka kira magariba. Su biyun nan na yarda da baƙin cikinsu.

Sai ga wani ɗan kwangila da babbar riga ta sha sitaci, ya tsaya a tsakiyar mutane yana ɗaga murya wai Taraba ta yi rashin da ba za ta mayar ba. Na san shi sarai. Shi ne ya taɓa rantsuwa a zauren gidan nan, ina ji da kunnena, cewa sai ya ga bayan Kawu a ofis. Na ce amin a kan addu'arsa don wurin ba na tone-tone ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar wasu baƙi daga wajen garinmu da suka zauna a bayana, ba su san ko ni wane ne ba. Ɗaya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wai shi ne injiniyan nan?" Ɗayan ya ce, "Shi ne mana. Wanda ya hana a buɗe ɗakin tiyata har 'yar ƙanwarsa ta mutu a hanya." Ban juya ba. Maganar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na gane da ita za a riƙa tunawa da shi, in ma an tuna. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su faɗi duka ba, kuma yarinyar da suke magana a kanta ƙanwata ce.

Kawu injiniya ne, fanninsa iskar da ake shaƙa a cikin gini. Ba esin nan mai sanyaya ɗaki da ake maƙala wa bango nake nufi ba. A manyan gine-gine, musamman asibiti, akwai wani inji mai kama da ƙaton akwatin ƙarfe, wani ya kai rumbu girma, ana ajiye shi a saman rufi ko a bayan gini. Shi ke zuƙo iska daga waje, ya tace ta, ya sanyaya ta, ya tura ta cikin bututu zuwa ɗakuna, sannan ya fitar da wadda aka riga aka shaƙa. Irin wannan inji ana so ya zo da takardar shaidar inganci daga wasu masu gwaji da ba ruwansu da kamfanin da ya ƙera shi. Su ke shaida cewa akwatin ba ya yoyo, matatarsa na kama dattin da aka ce tana kamawa, ƙarfinsa kuma ya kai abin da aka rubuta a jikinsa. In an kafa shi sai a kira irin su Kawu su duba takardar, su duba injin, su sa hannu. In babu hannun nan, ba a buɗe ɗakin tiyata.

Aikin ya bi shi har gida, ya zauna masa a baki. Kawu yana da tambaya guda da ya gajiyar da kowa da ita: "Wa ya gwada?" Mai kankana a kasuwa ya ce masa tana da zaƙi kamar zuma, sai ya ɗaga gira ya ce, "Wa ya gwada?" Makaniki ya ce birki ya kama, "Wa ya gwada?" Ranar da aka zo neman auren babbar 'yarsa, wakilin ango ya gama zuba yabo cewa yaron nan haƙuri gare shi kamar ƙasa, Kawu ya gyara zama ya jefo tambayarsa. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana laɓe bayan ƙofa tana ji, ta ce ranar ta so ƙasa ta buɗe ta shige. Mu yaran gidan har mun mayar masa da ita suna a bayan idonsa, kuma ina zaton ya sani, don wata rana na ji yana faɗa wa maƙwabci wai a gidansa an yi masa sarauta ba rawani.

Yana da na'urori na auna iska, cike da jaka, yana goge su kamar kayan amarya. Amma ba ya fita aiki sai da turaren tsinke a aljihu. Ya ce lambar da na'ura ta nuna, ciyaman zai iya cewa bai gane ba, ɗan kwangila zai iya cewa na'urar ce ta lalace, amma hayaƙi kowa na da idon ganin inda ya nufa. Matsalar ita ce ba ya sayen turaren, na Inna yake ɗiba. Faɗansu na kullum ke nan. Za ta fito tsakar gida da kwalin da babu komai ciki ta ce, "Injiniya, gwamnati ce ta aure ni ko kai? Ta saya maka naka mana." Shi kuma ya ce nata ya fi hayaƙi mai kyau, na kasuwa duk garin katako ne. Har ya bar aiki ba ta daina ɓoyewa ba, shi ma bai daina ganowa ba.

Ba mutum ne mai sakin fuska ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da saurin fushi, yana da gyara wa mutum magana a gaban jama'a, kuma ban taɓa jin ya ce wa ɗayanmu ka kyauta ba. Alherinsa ba ya bi ta baki. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Kona da ke haya a bayan gidanmu, mai sayar da ƙosai, asma ta sa ta a gaba. Ɗakinta taga ɗaya ne, shi ma ta toshe da buhu don tsoron ɓarayi, a ciki take kwana, a ciki take hura gawayi. Kawu ya ji tarinta ta katanga har ya gaji. Wata Asabar ya kira magini, ya shiga ɗakin matar nan ko sallama mai kyau bai yi ba, ya sa aka huda bango wuri biyu, ɗaya ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya can sama a ɗaya gefen, aka sa musu raga da ƙarfe. Tana ta masifa wai an rusa mata ɗaki, mai gida zai kore ta. Ya ce ta turo masa mai gidan. Bayan 'yan makonni ta aiko da ƙosai cike da kwano. Ya ci biyu, ya ce mai ya yi yawa, ya tura mana sauran.

Duk duniya in akwai wanda Kawu ke yi wa dariya har a ga haƙoransa, to Dada ce da 'yarta. Auta yake ce wa Dada, ita kuma tana ce masa Hamma, wato yaya. Tun rasuwar mahaifinmu shi ya tsaya mata, kowace damina shi ke aika taki, kowane azumi shi ke aika sukari da gero. Ƙanwata kuwa in ta zo hutu Jalingo ita kaɗai ke iya shiga ɗakinsa ta taɓa jakar na'urorinsa ba a kore ta ba. Da aurenta ya tashi shi ya yi mata kayan ɗaki, har da kansa ya je ya duba ɗakin da za a kai ta, ya ce tagar ta yi ƙanƙanta, sai da aka faɗaɗa.

A shekarar da ta ɗauki cikin fari ne mutanen yankinmu suka gama ginin asibitinsu. Ba na gwamnati ba ne, ƙungiyar manoma da 'yan kasuwa ce ta gaji da kai mata masu naƙuda Jalingo a kan hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Mai shinkafa ya ba da shinkafa, mai doya ya ba da doya, Fulani suka ba da shanu. Dada ma ta ba da buhunta, kuma ba wanda bai ji ba. Suka samo likita, suka gina ɗakin tiyata, wani ɗan kwangila ya kawo injin iska ya kafa a bayan ginin. Saura sa hannu. Da Dada ta ji yayanta za a turo, sai ta shiga gida-gida tana cewa magana ta ƙare, abu ya zo gida.

Ni na tuƙa shi zuwa can, don lokacin muna hutun makaranta, idonsa kuma ya fara ba shi wahala a hanya. Mun tarar da 'yan kwamiti sun yi ado suna jira. Ciyaman ɗinsu, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya kama hannun Kawu ya ce, "Injiniya, shiga ka ji. Sanyi kamar cikin randa."

Kawu ya ce, "Ba sanyi na zo ji ba, Alhaji."

Ya karɓi takardar inganci daga hannun ɗan kwangilar, ya zagaya bayan gini, ya daɗe yana duba ta yana duba farantin ƙarfen da ke jikin injin. Ya sa aka buɗe gefen akwatin. Ko ni da ba fannina ba na ga matatar ba ta cika gurbinta ba, akwai sarari a gefe da hannu zai shige. Ya sa aka tayar da janareta, aka kunna injin, aka rufe ƙofar ɗakin tiyata, ya kira kowa baranda. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya kunna turaren Inna ya kai shi bakin ƙasan ƙofar.

Ya ce, "Iskar ɗakin nan waje ya kamata ta riƙa turowa, don kada ta barandar nan ta shiga. Ku dubi hayaƙin."

Hayaƙin ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin ƙofa kamar ana jan sa da zare. A ƙarshen barandar nan bayan gida ne, a gefe kuma benci ne na masu jiran likita, rabinsu tari ya kawo su.

Ɗan kwangilar ya ce, "Oga, ƙaramin abu ne, seti ne kawai za a yi."

Kawu ya miƙa masa takardarsa ya ce, "Wannan ta wani injin ce daban, lambar ba ɗaya ba ce. Wanda ke bayan ginin nan ba wanda ya taɓa gwada shi."

Ciyaman ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin dattijo ya yi wa wanda bai kai shi shekaru ba. Ya ce, "Injiniya, mata na mutuwa a hanya. Ka sa mana hannu mu buɗe, gyara ya biyo baya. Don Allah."

Kawu ya ce, "Na taɓa ganin inda aka ce gyara zai biyo baya. Ku sa ya canja injin, ranar da ya canja ku kira ni, ko ina kwance zan taso."

Kafin mu isa gidan Dada labari ya riga mu. Ta yi masa tuwon masara da miyar busasshen kifi, irin wadda yake so, ta ajiye kindirmo a gefe. Ta bari har ya wanke hannu sannan ta nuna ƙanwata da ke zaune a bakin ƙofa, ciki ya fito sosai. Ta ce, "Hamma, ka ga 'yarka fa." Ya ce, "Na gan ta, Auta. Don ita ma na ƙi." Dada ta yi dariya, don har lokacin tana zaton abu ne na sati ɗaya ko biyu.

A hanyarmu ta dawowa ne ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce yana sabon ɗauka, a wata jiha, ogansa ya sa hannu a kan wani ɗakin tiyata da iskarsa ba ta yi ba, don manya sun matsa a buɗe. Shi aka riƙa aikawa duba injin. Ya ce yakan bi ta ɗakin matan da aka yi wa aiki, ɗinki ya ruɓe, ciki ya kumbura, jarirai na kuka a gefe ba mai iya ɗaukarsu. Ba wanda ya ce iska ce, ƙaddara aka ce. Ya ce warin ɗakin nan har yau in ya tuna yakan ji shi a hanci.

Ɗan kwangilar ya yi ɓatan dabo, wayarsa ta daina shiga. Kwamiti ya rasa yadda zai yi, don abin da jama'a suka tara ya tafi. Kawu ya yi ta yawo ofis-ofis yana neman wanda zai taimaka musu da wani injin, ana ce masa ya dawo wani sati. Ɗakin tiyata ya zauna a kulle, kayan aikin likita na cikin kwalayensu.

Naƙuda ta kama ƙanwata ranar kasuwa, da hantsi. Likitan ya duba ya ce ɗan a gicciye yake, sai an yi aiki, kuma ba shi da ɗakin yi. Aka nemo mota, aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Dada. Damina ta riga ta cinye hanya. Dada ta ce duwatsun Jalingo sun fara bayyana lokacin da yarinyar ta daina matse mata hannu. Ita da abin da ke cikinta, ba wanda ya iso.

Kawu ya je zaman makoki. Ina bayansa lokacin da ya shiga cikin gida wurin mata, ya durƙusa a gaban ƙanwarsa, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai ƙofar ɗakin tiyata. Ya ce, "Auta, sai haƙuri." Dada ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Hamma, iskar cikin motar nan, wa ya gwada ta?" Ta ce, "Ɗakin da ka ce bai yi ba, yana da gado, yana da likita, yana da fitila. Motar ba ta da ko ɗaya. Tashi ka tafi." Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninsu.

Ya yi duk abin da ake yi. Ya tura dattawan dangi, ya tura limamin garin, suka karanta mata abin da addini ya ce a kan zumunci da ƙaddara. Ta ce ta ji, ta yarda rai na Allah ne, amma kada ya zo. Duk da haka kowace Salla sai ya sa na kai shi, ya zauna a zaure shi kaɗai har rana ta karkata, a kawo masa ruwa ta hannun wata maƙwabciya, mu juyo. Sukari da geron azumi kuwa a motar da ta kai su suke dawowa. A gida muka lura tambayarsa ta ɓace daga bakinsa. Mai kankana zai yi rantsuwarsa, Kawu ya karɓa ya wuce. Wallahi mun yi kewar abin da muka yi shekaru muna ƙorafi a kansa.

Abin da ya ƙarasa shi, a ganina, ya zo ne bayan ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi ya je ya sa hannu. Injin nan dai ne, an liƙe gefensa da gam da tsumman roba, an buɗe ɗakin da taro da abinci. Tun daga lokacin ana yi wa mata aiki a ciki, ana fita da jarirai, ana suna. Kowace guɗa da aka yi a unguwa Dada na ji, kuma na san lissafin da zuciyarta ke yi. Wasu na cewa ɗinki kan ruɓe a can fiye da ƙima, wasu na cewa sharri ne, ba wanda ya bi diddigi. Na so a ce wani abu ya fito fili da zai wanke Kawu, sai in tuna abin da nake so ɗin nan mutuwar 'yar wani ce, in yi istigfari. Ba a wanke shi ba, ba a kama shi da laifi ba, haka aka bar shi a rataye.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Muna zaune a zaure bayan la'asar, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na ce, "Kawu, da za a mayar da kai ranar nan, za ka sa hannu?" Nan take na yi nadamar tambayar. Sannan ya ce, "Ba zan sa ba. Shi ne abin da ke hana ni cin abinci. Da ina jin na yi kuskure, da na je na ce mata na yi kuskure, in samu sauƙi. To ba ni da abin da zan kai mata." Na tashi na ce zan je sayo masa magani.

Da ciwo ya kwantar da shi na tafi Mutum Biyu na samu Dada tana sheƙar masara. Na ce mata jikin Kawu ya yi tsanani, likita ya ce a kira 'yan'uwa. Hannunta ya tsaya kaɗan, ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta ci gaba da aikinta. Na yi fushi, na faɗa mata maganganun da ɗa bai kamata ya faɗa wa uwa ba, ta bar ni na gama, ta tambaye ni ko na ci abinci. A kwanakinsa na ƙarshe duk lokacin da ƙofar gida ta yi ƙara sai ya buɗe ido ya ce, "Auta ce?" Inna takan ce masa tana hanya. Ban sani ba ko ya yarda.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a an fara watsewa, sai na gan ta a bakin layi, ita kaɗai, da 'yar jakarta. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta wuce mu ta shiga cikin gida. 'Ya'yan Kawu suka ce ta rungume Inna suka yi kuka mai tsawo, sannan ta ce a nuna mata ɗakinsa. Ta shiga ta turo ƙofa, ta jima a ciki, ba wanda ya ji motsinta. Da ta fito ta sha ruwa, ta ce za ta koma kafin rana ta yi.

Na raka ta tasha. Zuciyata ta yi sanyi tun da na ga ta shiga ɗakin, ina ganin ai an gama, saura in ji da kunnena. Mun sami mota saura mutum ɗaya ta cika, direba na ta kiran fasinja. Na riƙe mata jaka na ce, "Dada, kin yafe masa ko?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Da niyyar haka na fito. Tun daga gida nake maimaita kalmar a raina. Na zauna a bakin gadonsa, na kira shi, na ce Hamma, na buɗe baki in faɗa. Sai na ji nauyin kanta a cinyata." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kowace salla ina roƙa masa gafarar Allah, tun yana da rai, ban taɓa fashi ba. Tawa ce ta ƙi fitowa."

Na ce, "Ko a baki ne ki faɗa, Dada. Don ni."

Ta girgiza kai. "In na faɗa maka don ranka ya yi sanyi, ƙarya na yi a kan mamaci. Ka yi masa addu'a. Ni ma ka yi mini, don ina tsoron in bi shi a haka."

Ta karɓi jakarta ta shiga, aka rufe ƙofa, motar ta tashi. Na dawo Turaki a ƙasa, na tarar masu haya suna kwance rumfa suna ɗora kujeru a kan juna. Na shiga ciki in gaida Inna. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ta faɗa?"

Na ce a'a.